Yadda ake saita samfurin kwamfuta na ruwan ƙarƙashin ƙasa

Samfurin ruwan ƙarƙashin ƙasa lissafi ne da kwamfuta ke yi a kan yankin da aka yanka gida-gida, kowane gida da nasa lambobin: sauƙin da ruwa ke samu wajen ratsa ƙasar wurin, wanda ake rubutawa da harafin K, da yawan ruwan da ƙasar ke iya ajiyewa, da wanda ke tsiyayowa daga sama. Tushen lissafin tsoho ne, dokar da Henry Darcy ya fitar a 1856 bayan gwajinsa da yashi a garin Dijon na Faransa. Manhajar da aka fi aiki da ita, MODFLOW, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ce ta fitar da ita a 1984, sabon zubinta kuma, MODFLOW 6, ya fito a 2017. Akwai FEFLOW da wasunsu, amma aikin saiti duk ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne babu wanda ya auna lambobin nan gida-gida. Samfuri na iya samun gidaje dubu ɗari biyar, gwajin famfo kuwa, wato janye ruwa daga rijiya don a ga yadda ruwan kewayenta ke sauka, bai wuce goma ba a duk yankin. Saiti shi ne a riƙa gyara waɗannan sigogi da ba a sani ba har abin da samfurin ke fitarwa ya yi kusa da abin da aka auna a fili, ba tare da an fita daga abin da ilimin duwatsun wurin ya yarda da shi ba.

Kafin komai, rubuta tambayar da samfurin zai amsa a jimla ɗaya. Misali: idan aka ƙara janye kubik mita 5,000 a rana daga sababbin rijiyoyi, nawa kogi zai ragu nan da shekara ashirin? Tambayar ce ke nuna awon da ya fi daraja. Wanda ke son hasashen raguwar kogi ya saita da gudun kogi. Wanda ke bin sawun gurɓata ya saita da sinadarai da shekarun ruwa.

Tsabtace awo tukuna

Rabin wahalar saiti daga awon take fitowa, ba daga samfurin ba. Abin da ake kwatantawa shi ne tsayin ruwa daga matakin teku, wato tsayin bakin rijiya a cire zurfin da aka auna. Zurfin ana samunsa daidai har zuwa santimita ɗaya ko biyu. Tsayin bakin rijiyar ne abin tsoro. In da na'urar safiyo aka ɗauke shi, kuskurensa 'yan santimita ne. In daga GPS na hannu ko taswirar tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sararin samaniya irin ta SRTM aka ciro shi, kuskuren na iya kai mita biyar ko fiye. A shimfiɗaɗɗen fili inda ruwa ke gangarawa mita ɗaya a kowace kilomita, kuskure irin wannan ya isa ya juya alƙiblar ruwan baya. Don haka kowace rijiya a rubuta mata inda aka samo tsayin bakinta.

Sai a duba zurfin da tagar bututun rijiyar take, wato ɓangaren da ruwa ke shiga ta cikinsa. Rijiyar da tagarta ta ratsa shimfiɗa biyu ko uku tana ba da tsayi gauraye, bai kamata a jingina shi ga hawa ɗaya daga cikin hawa-hawan da aka jera gidajen samfurin ba. Na'urar da ake saukewa cikin rijiya tana ɗaukar awo da kanta, in ba mai bututun iska ba ce, tana haɗawa da nauyin iskar sama, sai an cire shi. Inda ruwa ke da gishiri kuma, a mayar da tsayin zuwa na ruwan daɗi kafin a kwatanta.

Awon da aka ɗauka cikin rijiya ana tsaka da janye ruwa yana yaudarar mutane da yawa. Samfurin yana ba da matsakaicin tsayi na gida guda, ruwan cikin rijiyar kuwa ya fi haka sauka. Ɗauki gida mai faɗin mita 200, rijiya mai faɗin santimita 20 tana janye kubik mita 500 a rana, K sau kaurin shimfiɗa kuma murabba'in mita 100 a rana. Tsayin da samfurin ke bayarwa daidai yake da na wurin da ke nesa da rijiyar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin gidan, wato mita 40. Lissafin Thiem, wanda ke ba da saukar ruwa a kewayen rijiyar da ake janyewa, zai nuna bambancin kusan mita 4.8 tsakanin can da cikin rijiyar, tun ba a zo ga asarar da bututun kansa ke jawowa ba. Wanda ya tilasta wa samfuri ya kai wannan awon zai rage K a kewayen rijiyar ba gaira ba dalili. Ko dai a gyara awon, ko a yi amfani da sashen MAW na MODFLOW 6 da ke lissafa ruwan cikin rijiya, ko a ajiye awon gefe.

Tsayin ruwa kaɗai ba ya isa

Wannan shi ne abin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka ɗauki bokiti mai huda a gindi ana zuba masa ruwa. In ka ga inda ruwan ya tsaya, ba za ka iya faɗin ko kaɗan ake zubawa hudar kuma ƙarama ce, ko da yawa ake zubawa hudar babba ce ba. Haka samfurin da ke tsayayyen yanayi yake, wato wanda shigar ruwa da fitarsa suka daidaita, tsayin ruwa ba ya sauyawa da lokaci. Tsiyaya milimita 50 a shekara da K mita 5 a rana za su ba da tsayin ruwa iri ɗaya sak da tsiyaya milimita 100 da K mita 10, matuƙar iyakokin samfurin duk na tsayayyen tsayi ne, wato an ɗaure tsayin ruwansu a lamba ɗaya, kuma ba a janye ruwa. Dukansu za su zauna daram a kan awo, amma ɗaya yana cewa ruwan da ke wucewa ya ninka na ɗayan. In tambayarka ta yawan ruwan da za a iya janyewa ce, ka ga ba abin da aka warware.

Maganin shi ne a kawo awon da ke ɗauke da yawan ruwa. Na farko, ruwan da kogi ke samu daga ƙasa a lokacin da aka daɗe ba a yi ruwan sama ba: a auna gudun kogin a wuri biyu, bambancin shi ne abin da ƙasa ta ba shi ko ta karɓe. Amma a kula, in kowane awo yana da kuskuren kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, bambancin kuma bai kai haka ba, hayaniya kawai aka auna. Na biyu, gudun maɓuɓɓugai. Na uku, janyewar da aka san adadinta da mitar auna ruwa, tare da saukar da ta jawo a rijiyoyin sa-ido. Na huɗu, ƙiyasin tsiyaya daga wata hanya dabam, kamar kwatanta kuloraid na ruwan sama da na ruwan ƙasa. Shekarun ruwa daga tiritiyam ko kabon-14 su ma suna taimakawa, in an bi sawun ruwan da manhajar MODPATH.

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi: sarrafa awon da ke hannu. Inda rijiyoyi biyu ke wuri ɗaya, ɗaya gajera ɗaya mai zurfi, a shigar da bambancin tsayinsu a matsayin awo mai zaman kansa. Shi ne kusan abin da kaɗai ke faɗin yadda ruwa ke ratsa yumɓun da ke tsakaninsu a tsaye. Bambancin santimita 40 ba zai taɓa jan hankalin manhaja ba in an bar shi ɓoye cikin tsayi biyu masu gibin mita biyu-biyu. Haka nan a samfuri mai tafiya da lokaci, a raba awo gida biyu: matsakaicin tsayin kowace rijiya, da hawa da saukarta daga awon farko. Na biyun ba ruwansa da kuskuren bakin rijiya, kuma shi ke ɗauke da labarin ajiya.

Nauyin kowane awo

Gibi shi ne abin da aka auna a cire abin da samfuri ya bayar. Manhajar saiti tana ninka kowane gibi da nauyinsa, ta ninka sakamakon da kansa, ta tara duka. Wannan jimla ake kira phi, ita ake son ragewa. A PEST, ɗaya daga cikin manhajojin saiti, nauyi shi ne ɗaya a raba da girman kuskuren da ake zato. Rijiyar da aka yi wa safiyo, mai kuskuren rabin mita in an haɗa da sauyin yanayi, nauyinta 2. Wadda aka ciro tsayinta daga taswira, mai kuskuren mita 5, nauyinta 0.2. Gudun kogi na kubik mita 20,000 a rana mai kuskuren kashi 10 cikin ɗari, kuskurensa 2,000 ke nan, nauyinsa 0.0005. Wanda ya ba kowa nauyi 1, lambobin kogi za su haɗiye na rijiyoyi gaba ɗaya saboda girmansu kawai.

Bayan wannan sai a duba rukuni-rukuni. Rijiya ɗaya mai na'ura tana iya kawo awo dubu uku, kogi kuma yana da goma sha biyu. A taƙaita na rijiyar zuwa matsakaicin wata-wata, sannan a daidaita nauyin rukunoni yadda kowanne zai bayyana a phi tun zagayen farko. Wannan hukunci ne na mai aiki, a rubuta shi a rahoto yadda aka yi.

Lafiyar samfurin kafin a damƙa shi ga manhaja

Buɗe teburin kasafin ruwa, wanda ke nuna ruwan da ya shiga samfurin da wanda ya fita. Bambancin shiga da fita ya zama ƙasa da kashi 1 cikin ɗari a kowane mataki, gara ma ƙasa da 0.1. Sannan ka karanta teburin layi-layi. In rabin ruwan samfurin daga iyakar tsayayyen tsayi yake shigowa, ka tambayi kanka ko akwai wannan ruwan a zahiri. Irin wannan iyaka ba ta ƙafewa. In tana kusa da rijiyoyin janyewa za ta ba su duk abin da suka nema, hasashen sauka kuma ya fito ƙarami.

Gidajen da ke bushewa suna sake jiƙa sun daɗe suna hana mutane barci, domin suna sa sakamako ya riƙa tsalle. Tsarin Newton na warware lissafin, wanda ya zo da MODFLOW-NWT a 2011 kuma yana cikin MODFLOW 6, ya rage wannan sosai. A kunna shi a duk samfurin da saman ruwansa ke yawo tsakanin hawa-hawa.

Sai a matse ma'aunin tsayawar lissafi, wato ƙanƙantar sauyin da kwamfuta ke ɗauka alamar ta kai ga amsa ta daina maimaita lissafi. Dalili kuwa: manhaja tana gane tasirin siga ne ta hanyar motsa ta kaɗan, galibi kashi 1 cikin ɗari, ta ga yadda tsayi ya sauya. In sauyin milimita 2 ne, lissafin kuma yana tsayawa da zarar ya zo cikin milimita 10, to abin da manhajar ta gani shara ne. A sauke ma'aunin zuwa 0.001 ko 0.0001 na mita, a tabbatar fayil ɗin sakamako yana rubuta lambobi shida ko bakwai, ba biyu bayan ɗigo ba. Alamar wannan ciwo ita ce phi ta ƙi sauka tun zagaye na biyu alhali gibi na nan manya-manya. PEST na da ɗan kayan aiki, JACTEST, da ke motsa siga mataki-mataki. In zanen ya fito kamar haƙoran zarto maimakon layi mai santsi, matsalar tana nan.

Lokacin gudu ma a yi masa lissafi. Sigogi 200, kowane gudu minti 10, zagaye ɗaya zai ci sama da awa 33 a kan kwakwalwar kwamfuta ɗaya, ga shi ana bukatar zagaye goma ko fiye. Raba aikin ga kwakwalwa 20 zai dawo da shi minti 100. Sau da yawa rage yawan gidaje ya fi sayen kwamfuta amfani.

Saitin kansa

Fara da hannu. Gudu ashirin ko talatin, ana ninka K na wannan shiyya, ana rage tsiyaya a waccan, yana koya wa mutum halin samfurinsa, kuma a nan ake kama manyan kurakurai irin su kogin da aka ɗora sama da doron ƙasa ko rijiyar da aka sa a hawan da ba nata ba. Lambobin farawa su fito daga gwajin famfo da bayanan haƙa. A matsayin ma'aunin hankali: K na yumɓu bai kai mita 0.001 a rana ba, yashi mai laushi 1 zuwa 5, mai manyan ƙwayoyi 20 zuwa 100, tsakuwa ɗaruruwa. Kason ruwan da yashi ke saki in saman ruwa ya sauka yana tsakanin 0.1 da 0.3, na shimfiɗar da yumɓu ya danne kuwa 0.00001 zuwa 0.001 ne. Tun da K na bambanta ninki dubbai, a sa manhaja ta yi aiki da logaridim ɗinsa, haka ma ajiya da ratsawar gindin kogi.

Daga nan sai manhaja: PEST ta John Doherty, ko PEST++, ko UCODE ta Eileen Poeter da Mary Hill. Masu aiki da harshen kwamfuta na Python suna haɗa su da kayan aikin FloPy da pyEMU.

Hanya biyu ake bi wajen rarraba sigogi. Ta farko shiyya-shiyya: kowane nau'in dutse lamba ɗaya, sigogi goma ko ashirin gaba ɗaya. Tana da sauƙin fahimta, kuma nan ya kamata a fara. Bayan gudu a duba abu biyu. Sigar da awo ba ya jin motsinta, a ɗaure ta a lambar da ta fi dacewa, in ba haka ba za ta yi ta yawo har ta buga iyaka. Sigogi biyu da dangantakarsu ta wuce 0.95 kuma, awon ba zai iya raba su ba. A nemo sabon nau'in awo ko a ɗaure ɗaya. Aibin wannan hanya shi ne ƙasa ba ta bin layin da aka zana mata, kuma sigar da aka ɗaure tana ɓoye rashin tabbas ɗinta.

Ta biyu ita ce kafa turaku: ɗigo-ɗigo warwatse cikin yankin, kowanne da K nasa, a cike tsakaninsu da lissafin kirigin, wanda ke ƙiyasta lambar kowane gida daga turakun da ke kusa da shi. A kafa su tsakanin rijiyoyin sa-ido ta bin gangaren ruwa, da wuraren gwajin famfo, da tsakanin rijiyoyi da kogi ko iyaka, sannan a cike sauran fili da tazara mai faɗi. Turaku kan kai ɗaruruwa, har su fi awo yawa, don haka dole a sa musu linzami. Linzamin Tikhonov yana gaya wa manhaja cewa kowane turke ya tsaya a lambar da masanin duwatsu ya zaɓa, ko ya yi kama da maƙwabcinsa, sai fa in awo ya tilasta masa kaucewa. Dabarar SVD kuma tana ware haɗe-haɗen sigogin da awo ke iya gani, ta bar sauran inda suke.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kwaɗayin ƙaramar phi. A PEST akwai lamba mai suna PHIMLIM, wadda ke faɗin inda za a daina matsawa. A fara sa ta ƙasa sosai don a ga iyakar abin da samfurin zai iya, sannan a ɗaga ta kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari sama da wannan, a sake gudu. Dalili shi ne ƙarshen saukar phi ba ilimi ba ne, manhajar tana lanƙwasa K ne don ta bi kuskuren awo. Taswirar K za ta tona asiri: in ka ga da'ira-da'ira kewaye da kowace rijiya, tsakuwa a nan yumɓu a can ba tare da wani dalili na duwatsu ba, an wuce gona da iri.

A samfuri mai tafiya da lokaci, matakin farko ya zama tsayayyen yanayi na kafin a fara janyewa sosai, kuma a riƙa sake lissafa shi a kowane gudu. Wanda ya ɗauko tsayin farawa daga taswirar awo zai ga ruwa yana hawa ko sauka a shekarun farko don kawai samfurin yana neman daidaitonsa, manhaja kuma za ta ɓata lambobin ajiya wajen gyara wannan. Adadin janyewa ma, in ba mita ke aunawa ba, a ba shi damar motsi cikin iyaka. In an ɗauke shi tabbatacce, kuskurensa zai koma cikin K.

Karanta gibi

Ana yawan cewa in matsakaicin gibi bai kai kashi 10 cikin ɗari na tazarar tsayi mafi sama da mafi ƙasa ba, saiti ya yi. Kada a dogara da wannan. A yankin da ke gangarowa mita 300, gibin mita 15 zai ci jarrabawar, alhali tambayar tana kan saukar mita biyu. Zanen awo da sakamako a kan layi ɗaya shi ma yana yin kyau a irin wannan wuri ko da samfurin bai iya komai ba.

Abin da ke faɗin gaskiya shi ne taswirar gibi, masu sama da launi ɗaya, masu ƙasa da wani. In sun cakuɗe, madalla. In launi ɗaya ya taru a kusurwa guda, ko ya bi kogi, ko ya tsaya a hawa ɗaya, akwai abin da ya ɓace a fahimtar wurin: tsagar dutse da ke tare ruwa, shimfiɗar yumɓu da ba a sa ba, iyakar da aka ajiye a inda ba nan take ba. Sigar da ta manne a iyakarta, ko K na yumɓu da ya fito kamar na yashi, saƙo ɗaya suke kawowa: sigar tana ɗaukar laifin wani abu ne. Faɗaɗa mata iyaka ba gyara ba ne. A koma ga bayanan haƙa da zanen shimfiɗu, a gyara gini, a sake saiti. Komawa sau biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

Wasu suna ware shekarun ƙarshe na awo don gwaji. Yana da amfani in shekarun sun ƙunshi abin da samfurin bai gani ba, kamar fari ko sabuwar janyewa. Bayan gwajin a mayar da su cikin saiti. Awo ya fi ƙarfin a bar shi a aljihu.

Samfuri ɗaya ba amsa ba ne

Ko bayan duk wannan, akwai taswirorin K masu yawa da za su zauna a kan awo daidai wa daida, su kuma ba da hasashe mabambanta. Don haka a samar da su da yawa. PESTPP-IES, ɗaya daga cikin manhajojin PEST++, na farawa da tarin samfura, a ce 200 ko 300, kowanne da sigogin da aka zaɓo cikin abin da ilimin wurin ya yarda, ta riƙa gyara su tare cikin zagaye uku zuwa biyar. Yawan gudu a kowane zagaye yana bin girman tarin ne, ba yawan sigogi ba, shi ya sa take ɗaukar sigogi dubbai. Kafin a fara gyara, a zana sakamakon tarin a kan awo. Awon da ya faɗo waje da dukkan samfuran yana nuna saɓani tsakanin ginin samfuri da fili. A binciko dalilinsa ko a cire masa nauyi, domin in an bar shi zai ja sigogi zuwa lambobin da ba su yiwuwa.

Sai a gudanar da hasashen da kowane samfuri na tarin, a bayar da amsa a matsayin tazara: raguwar kogi daga kaza zuwa kaza, da kason samfuran da suka haye iyakar da hukuma ta sa. In tazarar ta yi faɗin da ba za a iya yanke hukunci da ita ba, pyEMU na iya gwada wuraren da ake tunanin haƙa sabuwar rijiyar sa-ido ko kafa ma'aunin kogi, ta lissafa wanne zai fi rage faɗin, tun kafin a kai injin haƙa wurin.